Mai Fito da Kayan Fasinja: Nazari kan Daidaiton Intanet da Ma'abuta Addini a Amurka

A cikin watan Oktoba na shekarar 2007, kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya so ya tabbatar da wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masana kwamfuta, cewa Comcast, wanda yake cikin mafiya girman kamfanonin da ke sayar wa mutanen Amurka intanet, yana tare wasu saƙonnin abokan cinikinsa a ɓoye. Da ma'aikatansa suka tashi gwaji, sai suka nemi littafin da ba wanda zai ce an keta masa haƙƙin mallaka in an aika da shi, suka zaɓi Littafi Mai Tsarki na Kirista, tsohuwar fassarar nan ta zamanin Sarki James, suka yi nufin tura shi daga wata kwamfuta zuwa wata ta hanyar da ake kira BitTorrent. Sau biyu cikin uku littafin bai isa ba. Da aka bi diddigi, sai aka tarar na'urorin kamfanin ne ke shiga tsakani, suna yin irin abin da ɗan aike marar amana zai yi in ya tsaya a hanya ya rubuta wa kowane ɓangare takardar jabu da sunan ɗan'uwansa cewa ya fasa maganar.

Ba ƙiyayya ce da addinin Kirista ta sa Comcast yin haka ba, kuma rashin adalci ne a ce ita ce. Na'urar ba ta san abin da ke cikin ƙunshin ba. Ta ga nau'in kayan da aka umarce ta ta danne, ta danne. To, amma a nan ne mas'alar take, domin wanda ya sami ikon tare littafi ba da sani ba, ya riga ya sami ikon tare shi da sani duk ran da ya ga dama.

Ƙa'idar da ake jayayya a kanta, wadda wani malamin shari'a mai suna Tim Wu ya raɗa wa suna cikin wata maƙala a 2003, za mu iya kiranta daidaiton intanet, kuma ma'anarta ba ta da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gulbi yana jiran jirgin fito. Mai fito yana da haƙƙin ya karɓi kuɗinsa, yana ma da haƙƙin ya ce mai kaya da yawa ya biya fiye da mai kaya kaɗan. Abin da ba shi da haƙƙinsa shi ne ya kwance ƙunshin fasinja ya duba, sa'an nan ya ce wannan zai haye, wancan zai jira, wancan kuma ba zai haye ba sai wanda ake kai wa kayan a ƙetare ya ba da tukuici. Abubuwa uku ƙa'idar ta haramta wa kamfanin da ke kai intanet gidajen mutane: toshe halattaccen saƙo, da rage masa gudu da gangan, da fifita saƙon wani a kan na wani don ya biya. Tunanin ba sabo ba ne. Tsohuwar shari'ar Ingila ta ɗora wa masu fito da masu masauki wajibcin karɓar kowa ba tare da zaɓe ba, kuma fuƙaha'unmu sun daɗe da zurfafa magana a kan haƙƙin hanya, da hanin tarar ayari a bayan gari a saye kayansa kafin ya iso kasuwa ya san farashi. Dalilin hanin ɗaya ne a ko'ina: wanda ya tsaya tsakanin mutane biyu masu bukatar juna yana iya cutar da su duka, alhali babu wanda ya gan shi cikinsu.

Dalilan da suka sa kamfanonin suka ƙi wannan ƙa'ida ba duka ne na banza ba. Shimfiɗa waya zuwa kowane gida aiki ne mai cin dukiya, hotuna masu motsi sun cika hanyar har sun rinjayi sauran kaya, kuma tun a 2005 shugaban kamfanin SBC, Ed Whitacre, wanda daga baya ya shugabanci AT&T, ya faɗa a fili cewa bai ga abin da zai sa manyan kamfanonin intanet su ci riba ta kan wayoyinsa kyauta ba. Hujjarsu ita ce in an ɗaure musu hannu za su rage zuba jari, talakan ƙauye kuma shi zai fara rasa hanyar. Sai dai akwai dalili na biyu da ba su cika ambatawa ba, watau cewa mai fito ya zama ɗan kasuwa a ƙetaren gulbin: Comcast ya mallaki gidan talabijin da fina-finai na NBCUniversal tun daga 2011, AT&T kuma ya sayi Time Warner a 2018. Idan aka haɗa wannan da cewa a wurare da dama na Amurka gida ba shi da zaɓi sai tsakanin kamfani ɗaya ko biyu, za a gane abin da ya sa maganar a bar kasuwa ta gyara kanta ba ta kwantar wa kowa hankali ba.

Mai karatu zai iya tambaya me ya kawo limamai da fastoci cikin rigimar injiniyoyi da lauyoyi. Amsar tana cikin tarihin rediyo, kuma ya kamata mu daɗe a kanta, domin majami'un Amurka sun taɓa shan wannan ruwa, sun san ɗacinsa.

A farkon zamanin rediyo, cikin shekarun 1920, majami'u da makarantu da yawa sun mallaki ƙananan tashoshinsu. Da gwamnati ta kafa hukumar raba zangon watsa shirye-shirye a 1927, sai zanguna masu kyau suka tafi hannun tashoshin kasuwanci, aka matse na addini da na ilimi cikin 'yan sa'o'i. Wani limamin Katolika, John Harney, wanda ƙungiyarsa ke da tasha mai suna WLWL a birnin New York, ya tashi haiƙan yana neman a keɓe kashi ɗaya cikin huɗu na zangunan ga masu aikin da ba na neman riba ba. Aka kai maganar Majalisar Dattawa a 1934, ta faɗi, tashar tasa kuma ba ta daɗe ba aka sayar da ita. A madadin haka sai manyan tashoshi suka yi alkawarin ba addini lokaci kyauta, suka kuwa bayar, amma ga waɗanda suka zaɓa: manyan ɗarikun Furotesta, da Katolika, da Yahudawa. Masu wa'azin bishara, waɗanda ba sa cikin wannan da'ira, suka ga ana neman hana su ko da sayen lokaci da kuɗinsu, wannan ne ma ya sa suka kafa ƙungiyarsu ta masu watsa shirye-shiryen addini a 1944. Sa'an nan a 1960 Hukumar Sadarwa ta Tarayya, wadda ake taƙaita sunanta da FCC, ta yanke cewa shirin addini da aka biya kuɗinsa daidai yake da na kyauta wajen sauke nauyin hidimar jama'a da ke kan tasha. Wane mai tasha ne zai ba da kyauta abin da zai iya sayarwa? Cikin shekaru ashirin da suka biyo baya lokacin kyauta ya kusa ɓacewa, allon talabijin ya koma hannun masu wa'azin da suka ƙware wajen roƙon masu kallo su aiko da kuɗi, domin su kaɗai ke iya biyan farashin.

Abin lura a wannan ƙissa, wanda galibin masu ba da ita suke tsallakewa, shi ne cewa duka zamunan biyu an yi zalunci a cikinsu. Lokacin da mai ƙofa ke ba da kyauta, ya zaɓi wanda ya yarda da aƙidarsa. Lokacin da ya koma sayarwa, ya zaɓi mai kuɗi, har siffar wa'azin kanta ta sauya ta bi bukatar biyan bashi. Mafsadar ba ta cikin kyautar ko cinikin, tana cikin zaɓen. Falalar intanet a farkonta, wadda ta sa ma'abuta addini suka rungume ta da sauri, ita ce babu mai ƙofa da ke zaɓe: shafin ƙaramar majami'a a ƙauyen Alabama da shafin babban kamfani suna isa ga mai nema ta hanya ɗaya, da gudu ɗaya.

Akwai kuma wata majami'a da ke da tsohon gado a wannan fage. Ofishin sadarwa na ɗarikar United Church of Christ, wanda Fasto Everett Parker ya kafa a 1959, shi ne ya ƙalubalanci lasisin tashar talabijin ta WLBT a birnin Jackson na jihar Misisifi a 1964, saboda tana danne labarin gwagwarmayar baƙar fata alhali su ne babban kaso na masu kallonta. Daga wannan shari'a ce kotu ta tabbatar a 1966 cewa talakawa masu kallo suna da hurumin tsayawa gaban hukumar su yi ƙara, a 1969 kuma ta umarci a soke lasisin. Wannan ofishi ne, bayan rabin ƙarni, ya tsaya a sahun gaba wajen kare daidaiton intanet, har lauyarsa Cheryl Leanza ta haɗa kai da Valarie Kaur, 'yar addinin Sikh, suka buɗe wani gangami na tara muryoyin ma'abuta addinai dabam-dabam a kan mas'alar.

Mafi ban mamaki cikin wannan tafiya shi ne waɗanda ta haɗa. A 2006 ƙungiyar Christian Coalition, wadda ta shahara da tsananin riƙon ra'ayin mazan jiya, ta shiga gamayya ɗaya da MoveOn, wadda ke can ɗaya ƙarshen siyasa, don neman doka. A watan Satumba na 2007 kamfanin wayar hannu na Verizon ya ƙi ba wata ƙungiyar masu goyon bayan zubar da ciki, NARAL, damar tura wa magoya bayanta gajerun saƙonni, bisa hujjar cewa batun mai tayar da ƙura ne. Da hayaniya ta tashi ya janye. Shugabar Christian Coalition, Roberta Combs, wadda ta daɗe tana yaƙi da zubar da ciki, ta sa hannu a maƙala ɗaya da shugabar NARAL suna sukar kamfanin. Ba sulhu suka yi a kan abin da ya raba su ba. Ta dai yi ƙiyasi ne irin na mai hankali: in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ko da kuwa ba ɗan'uwa ba ne, abokin gaba ne. Majalisar bishop-bishop na Katolika ta bi wannan sahu, ta fitar da sanarwa a watan Nuwamba na 2017 ta bakin Bishop Christopher Coyne tana roƙon kada a soke ƙa'idar, kuma majalisar majami'u ta ƙasa da ƙungiyar Musulmi ta ISNA sun sa hannu a wasiƙu irin wannan.

Tarihin hukuncin kansa kuwa kamar lilo yake, ba ya bukatar dogon sharhi. FCC ta tsawata wa Comcast a 2008, kotu ta ce ba ta da hurumi a 2010. Ta kafa ƙa'idoji a ƙarshen shekarar, kotu ta rushe mafi yawansu a 2014. A watan Fabrairu na 2015, ƙarƙashin Tom Wheeler, ta sanya intanet cikin ajin hanyoyin sadarwa na gama-gari irin su tarho, da ƙuri'a uku a kan biyu. A ranar 14 ga Disamba 2017, ƙarƙashin Ajit Pai, ta soke wannan da uku a kan biyu. A Afrilu 2024 ta mayar da shi, har ila yau da uku a kan biyu. A ranar 2 ga Janairu 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara da ke zama a Cincinnati ta rushe shi, tana dogaro da hukuncin Kotun Ƙoli na 2024 wanda ya daina tilasta wa alƙalai bin fassarar da hukumomi ke yi wa doka. Wani abin takaici da ya cancanci ambato a gefe: babbar lauyar gwamnatin jihar New York ta bayyana a 2021 cewa cikin sharhi fiye da miliyan 22 da aka aika wa hukumar a 2017, kusan miliyan 18 na jabu ne, kuma miliyoyi daga cikinsu sun fito ne daga gangamin da masana'antar ta biya kuɗinsa. Shawarar da aka ce an yi da jama'a ke nan.

Wa ya fi kowa hasara in ƙa'idar ta faɗi? A ganina ba manyan majami'u masu dubban mabiya da gidajen talabijin nasu ba ne, domin waɗannan in an sa farashi za su biya. Masu hasara su ne tsiraru. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta Musulmin Amurka da kimanin miliyan 3.45 a 2017, watau kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari, kuma ƙidayar masallatai ta 2020 ta sami 2,769 a duk faɗin ƙasar. Mafi yawansu ƙanana ne, da gudummawar ranar Juma'a ake biyan haya da wuta. Al'umma irin wannan ba ta taɓa samun rabo a rediyo ko talabijin ba, sai dai a yi magana a kanta. Intanet ce mumbari na farko da ta hau ta yi magana da bakinta, ta nan ɗalibin da ke garin da ba malami yake koyon tajwidi, ta nan baƙon da ke wani masallacin 'yan Afirka ta Yamma a unguwar Bronx yake sauraron tafsirin malaminsa na gida. Da annobar korona ta rufe wuraren ibada a 2020, aka shiga Ramadan masallatai na kulle, wa'azi da karatu suka koma kan waya baki ɗaya, sai ya bayyana cewa abin da ake ɗauka ƙari ne ya zama asali.

Amma adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Masu kare ƙa'idar sun yi hasashen cewa da zarar an soke ta intanet za ta rabu gida-gida, a riƙa biyan kuɗi kafin a buɗe kowane shafi, kuma hakan bai faru ba. Shekaru sun shuɗe bayan sokewar ta fara aiki a Yunin 2018, huɗubobi na tafiya yadda suke. Masu adawa suna ɗaukar wannan hujja yankakkiya. Ni ban ɗauke ta haka ba, saboda kamfanonin ba su taɓa zama ba tare da mai tsaro ba: jihar Kalifoniya ta kafa dokarta mai tsauri a 2018, wasu jihohi suka yi makamancin haka, kuma kamfanin da ke ciniki a duk ƙasa ba ya son raba hanyarsa gida biyu. Shaidar tasirin dokar ita ce a 2021, bayan kotu ta ƙi dakatar da ita, AT&T ya daina keɓe manhajar fina-finansa daga lissafin data. Ƙari a kan haka, binciken jami'ar Northeastern ya nuna kamfanonin wayar hannu suna rage wa hotuna masu motsi gudu a kai a kai, ba sai lokacin cunkoso ba. Cutar dai ba ta zo da ganga ba, ta zo a hankali.

Akwai kuma suka ta biyu wadda ta fi ta farko nauyi, kuma daga cikin ma'abuta addini ta fito. Ƙungiyar nan ta masu watsa shirye-shiryen addini, magajiyar waɗanda aka rufe wa ƙofa a zamanin rediyo, ta daɗe tana cewa an tsare ƙofar da ɓarawo ba ya bi. A ƙarshen 2010 kamfanin Apple ya cire daga shagonsa wata manhaja mai ɗauke da sanarwar wasu shugabannin Kirista a kan aure da zubar da ciki, kuma babu wata ƙa'idar daidaito da ta hana shi, domin ƙa'idar ta hau kan mai waya ne kawai, ba ta hau kan Facebook ko YouTube ko Google ba. Wannan gaskiya ne, kuma Musulmi sun fi kowa saninsa, da yake rubutun Larabci ya sha faɗawa tarkon na'urorin tace saƙo. A yau abin da ke yanke wa mai wa'azi hukuncin ko za a ji shi, galibi lissafin dandalin ne da ke zaɓen abin da zai nuna wa mutane. Sai dai wannan suka tana nuna ƙa'idar ba ta wadatar ba ne, ba ta nuna ba ta da amfani ba. Wanda dandali ya kora yana iya buɗe shafinsa na kansa, mabiyansa su same shi can. Wannan mafita kuwa tana nan ne muddin hanyar da ke ƙarƙashi ba ta zaɓe.

A nan ne batun ya taɓo mu, ta wata fuska da ta fi toshewa laushi. Kamfani ba sai ya hana ka shiga wani shafi ba. Ya isa ya sa wani ya zama kyauta ko mai araha, sauran su zama masu tsada. Hukumar sadarwa ta Indiya ta gane haka, ta haramta bambanta farashin data bisa abin da ake buɗewa a watan Fabrairu na 2016, wanda ya kawo ƙarshen shirin Free Basics na Facebook a ƙasar. Bayan 'yan watanni aka buɗe shirin nan a Nijeriya tare da Airtel. Kotun Tarayyar Turai ma ta yanke a 2021 cewa irin wannan rangwame ya saɓa wa dokarta ta 2015. Duk wanda ya taɓa sayen ƙunshin data na WhatsApp ko Facebook kaɗai don ya fi arha ya san daɗinsa, kuma ba na zargin talakan da ya saya. Amma a duba sakamakon: malamin da ya tara karatuttukansa a tsare cikin shafinsa, littafi bayan littafi, babi bayan babi, zai ga ɗalibai ba sa zuwa don kuɗin shiga ya fi yawa, sai ya kwashe ya koma dandali, inda ake fifita gutsuren minti ɗaya mai tayar da husuma a kan darasin sa'a guda. Abin da farashin lokaci ya yi wa wa'azin talabijin a Amurka bayan 1960, shi farashin data ke iya yi wa karatu, ba tare da an toshe ko da harafi ɗaya ba.

Idan aka auna duka, hukuncina shi ne majami'u da masallatan Amurka sun yi daidai da suka shiga wannan jayayya, sun kuma yi daidai a dalilinsu, ko da yake wasunsu sun zarce wajen tsoratarwa, kuma sun makara wajen juyowa kan dandalin da ya zama sabon mai ƙofa. Kuskuren da ya fi girma shi ne dogaro da hukumar mutum biyar wadda rinjayenta ke iya juyawa da kowane zaɓen shugaban ƙasa. Chile ta rubuta ƙa'idar cikin dokar ƙasa tun 2010, Holan ta bi a 2012, Barazil a 2014. Majalisar Amurka kuwa, bayan fiye da shekara ashirin ana muhawara, ba ta zartar da doka a kai ba, kuma tun hukuncin Janairun 2025 babu wata ƙa'ida ta tarayya da ta hana kamfani fifita saƙon wanda ya biya a kan huɗubar wanda bai biya ba.